Cimar barewar daji daga lokaci zuwa lokaci, da abin da take nuna wa makiyayi

Ƴan uwa makiyaya da membobin ƙungiyoyi, akwai tambayar da ma'aikatan kiwo ke yawan ji daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwa: mutum yana ba shanunsa gishiri da kanwa ba fashi, amma suna tauna ƙashi, suna cin tsumma da leda, suna lasar ƙasa. Me ya rage? Amsar ita ce yunwar gishiri daban take da yunwar da ke sa dabba tauna ƙashi, kuma kowace da lokacinta a shekara. Domin a gane wannan da kyau, za mu duba wata dabba da ba wanda ke ba ta dusa ko harawa, wato barewar daji ta ƙasashen sanyi, wadda masana suka daɗe suna bin yadda take cin abinci.

Wace barewa ake nufi?

Ba barewarmu ta Termit ko Gadabeji ba ce. Wadda muke magana tana zaune a dazuzzukan Amurka da Kanada da Turai. Sanannu a cikinsu su ne barewa mai farar wutsiya ta Amurka da jar barewa ta Turai. Cikinta ɗaya ne da na akuya da tunkiya da saniya: ɗaki huɗu, tana tuƙa, kuma ƙananan ƙwayoyin halitta da ke cikin tumbinta su ne ke narkar mata da haki da ganye. Saboda haka abin da aka gano a jikinta yana da amfani ga bisashenmu.

Bambancin yana ga ƙaho. Ƙahon barewarmu, kamar na akuya, sau ɗaya yake fitowa ya zauna har mutuwa. Na waccan kuwa ƙashi ne zalla mai rassa kamar icce, namiji ne ke da shi, kuma kowace shekara sai ya faɗi, sabo ya fito. Cikin wata huɗu zuwa biyar yake gama girma. A manyan iri, yakan ƙaru da fiye da santimita 1 a rana. Idan ya bushe, kusan kashi 22 cikin 100 na nauyinsa kalsiyam ne, kusan kashi 11 kuma fosfor. Waɗannan sinadarai biyu su ne tubalin ƙashi da haƙori a jikin kowace dabba, kuma suna fita da yawa a cikin nono.

Shekarar barewa kashi huɗu

Lokacin tohuwa, daga Maris zuwa Mayu, ƙanƙara na narkewa, ƙasa ta yi kore. Barewa na zaɓen ɗanyen ganye mai laushi da ƙananan tsirrai masu faɗin ganye. Abincin na da gina jiki sosai, ga ruwa, ga sinadarin potasiyam da yawa, amma sodiyam, wanda shi ne jigon gishirin da muke ci, kaɗan ne a ciki. Yawan ruwa da potasiyam kuma na sa jiki ya zubar da ɗan sodiyam ɗin da yake da shi ta fitsari da kashi mai ruwa. To a daidai wannan lokaci ne, lokacin da abinci ya fi yawa, barewa ke tafiya nesa neman wuraren da ƙasa ko ruwa ke da gishiri, ta tone ƙasa da ƙafa tana lasa. Binciken da aka yi a jihar Indiyana ta Amurka a shekarun 1970 ya nuna cewa zuwa wurin lasa ya fi yawa a wannan lokaci, ya kuma ragu ƙwarai a hunturu.

Lokacin ɗumi, daga Yuni zuwa Agusta, mata sun haihu bayan ciki na kusan kwana 200, suna shayarwa, ƙahon maza kuma na tsakiyar girma. Bukatar kalsiyam da fosfor ta kai ƙarshe. Ganyen da namiji ke ci ba ya isarsa, sai jikinsa ya ranto daga ƙasusuwansa, musamman haƙarƙari, ya kai wa ƙaho. Haƙarƙarin ya yi rauni na ɗan lokaci, sai bayan ƙaho ya gama girma jiki ya biya bashin daga abinci. Inda ƙasa ba ta da waɗannan sinadarai, ana ganin barewa na tauna tsohon ƙahon da ya faɗi da ƙasusuwan mushe. A tsibirin Rum na Sikotland, inda ƙasa ke da talauci sosai, an ga jar barewa na kama ƴaƴan wani tsuntsun teku tana cinye ƙasusuwansu. Dabba mai cin haki ba ta yin haka sai da dalili.

Da kaka, daga Satumba zuwa Nuwamba, ta koma kan ƴaƴan itatuwa da ke faɗowa, musamman na wani babban icce da ake kira ok, masu mai da ƙarfi. Aikinta a nan ɗaya ne: ta tara kitse.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabarairu, ƙanƙara ta rufe ƙasa. Abin da ya rage shi ne ƙananan rassa da ɓawo da ganyen itatuwan da ba sa zubar da ganye. Barewa na rage yawo, ta rage ci da kanta, ta rayu da kitsen kaka. Takan rasa kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta ko fiye kafin ƙasa ta sake yin kore. Wadda ta shiga hunturu da rama, ita ce ke fara mutuwa.

Akwai wani abu da ya faru sau da yawa a can. Mutane su ji tausayin barewa a tsakiyar hunturu, su zuba mata masara da yawa, sai a tsinci gawarta da ciki cike. Dalili shi ne ƙwayoyin tumbinta sun saba da rassa masu tauri. Da masara ta shiga da yawa lokaci guda, tumbi ya yi tsami, ƙwayoyin su mutu, dabba ta bi su. Tumbi na bukatar mako biyu zuwa uku kafin ya saba da sabon abinci.

Yadda wannan ya dace da shekararmu

Lokutanmu ba irin nasu ba ne, amma tsarin ɗaya ne: lokacin kore, lokacin tara kitse, lokacin wahala. Hunturunsu shi ne raninmu da bazara. Barewarmu ma haka take yi. Bayan ruwa tana cin sabon haki da ƙananan tsirrai, da rani kuma ta koma kan ganye da ƴaƴan itatuwa masu ƙaya irin su kandili da aduwa, waɗanda ke riƙe da ɗanyen ganye bayan haki ya bushe. Raƙuman dawa na Kure su ma da damana suna kan tudu, da rani su sauko kwarin Dallol Boso inda gawo yake.

Kakanninmu sun gane wannan tun kafin a san sunan sinadari ko ɗaya. Hawan garke arewa da damana zuwa filayen Irhazer, da taron lasar gishiri na Ingal a watan Satumba, sun faɗo ne daidai lokacin da dabba ta cika ciki da ɗanyen haki kuma jikinta ke neman sodiyam. Ruwa da ƙasar wuraren, har zuwa Tegidda-n-Tesum, suna da gishiri. Ayarin da ke kawo kantu daga Bilma da Fashi, da mandar ƙasar Manga, da kanwar da ake haƙowa a kwaruruka, duk maganin wannan yunwa ce.

Abin da ya sauya shi ne ƴancin yawo. Gonaki sun cinye burtali da makiyaya, rashin tsaro ya rufe wasu hanyoyi, garke da yawa yanzu na kwana wata da watanni kewaye da rijiya ɗaya ko famfo ɗaya. Barewa in ta ji bukata takan tashi ta nema. Saniyar da ke ɗaure ko akuyar da ke cikin gari ba ta da wannan dama. Abin da ƙafarta ba za ta kai ta ba, sai mai ita ya kawo mata.

Yunwar gishiri

Alamunta: dabba na lasar gumin ƴar uwarta, tana lasar wurin da aka yi fitsari, tana lasar bango da turke, ci ya ragu, nono ya ragu, gashi ya dushe. Jiki ba ya ajiye sodiyam da yawa, shi ya sa gishirin da aka ba da sau ɗaya a wata ba ya wadatarwa. Babbar saniya na bukatar wajen garam 30 zuwa 50 na gishiri a rana, wato kamar cokali biyu zuwa uku. Tunkiya ko akuya garam 5 zuwa 10. Mai shayarwa da san noma mai gumi sun fi bukata.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a daina ba da gishiri da zarar ƙasa ta yi kore, a ce ai dabba ta ƙoshi. Barewa ta nuna mana akasin haka. Daga Yuli zuwa Satumba kada gishiri ya yanke. A kuma kula: dabbar da ta daɗe ba ta samu ba, kada a tara mata shi lokaci guda, musamman in ruwan sha na nesa. Gishiri mai yawa ba tare da ruwa ba yana kisa. A fara da kaɗan, a ƙara a hankali.

Yunwar fosfor

Wannan ita ce amsar tambayar da muka fara da ita. Ƙasar rairayi ta yankinmu na daga cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin fosfor, manoma ma sun san haka daga gonar hatsi. Hakin da ya fito a kanta yana da ɗan abin da ya samu yana ɗanye. Da ya yi ƴaƴa ya bushe, yawancin fosfor da abin gina jiki sun tafi cikin irin da ya zube ƙasa. Ɗanyen hakin damana kan kai kashi 10 cikin 100 na furotin ko fiye, busasshe a tsakiyar rani kuwa yakan sauka ƙasa da kashi 4, alhali ƙwayoyin tumbi na bukatar kusan kashi 7 kafin su yi aiki sosai.

Saniya mai shayarwa a wannan lokaci tana cikin halin namijin barewa mai gina ƙaho. Kowace lita ta nono na fita da kusan garam 1,2 na kalsiyam da kusan garam 1 na fosfor. In ba su zo daga abinci ba, daga ƙashinta za su fito. Barewa na biyan bashinta cikin ƴan makonni saboda abinci mai kyau na gabanta. Saniyarmu kuwa tana ranta daga Janairu har Yuni, kuma in damana ta yi gajarta ba ta gama biya ba wani rani ya shigo. Sakamakon shi ne abin da muke gani: tafiya da ƙyar kamar ƙafafu sun sage, karaya ba tare da wani babban dalili ba, saniya ta kwanta ta kasa tashi, karsana ta daɗe ba ta nemi sa ba, tazarar haihuwa ta kai shekara biyu ko fiye.

Gishiri da kanwa sodiyam suke bayarwa. Ba su da fosfor da zai yi wani tasiri. Ko an cika kwarya da kantu kullum, saniyar da ke neman fosfor ba za ta daina tauna ƙashi ba.

Haɗarin tauna ƙashi

Tauna ƙashi ba alama ce kawai ba, hanyar mutuwa ce. A cikin mushe mai ruɓewa akwai wata ƙwayar cuta da ke fitar da dafi mai ƙarfi ƙwarai, cutar da likitoci ke kira botulizim. Saniya ta tauna ƙashin da ke da ragowar nama, bayan ƴan kwanaki ƙafafun baya su mutu, ta kwanta, harshe ya fito, yawu na zuba, ba ta iya haɗiya, kuma jikinta ba zafi. Mafi yawa ba sa tashi. Likitan dabbobi Arnold Theiler ne ya gano wannan alaƙa a Afirka ta Kudu wajen 1919, ya kuma nuna cewa shanun da ake ba garin ƙashi mai tsabta suna daina neman mushe. A yankin Ferlo na Senegal, cutar ta yi ɓarna a shekarun 1960 bayan an gina manyan rijiyoyin burtsatse, garkuna suka rage ƙaura suka zauna kan ƙasa marar fosfor duk shekara. Halin da garkunanmu da yawa ke ciki yanzu bai yi nisa da wannan ba.

Ƙashin dabbar da ciwon saifa ya kashe shi ma yana ɗauke da cutar shekara da shekaru. Leda da tsumman da dabba ke haɗiya kuma suna taruwa a tumbi su toshe shi, mahauta sun fi kowa sanin wannan. Don haka duk mushen da ke kusa da rijiya, mashaya ko makwancin garke a ƙone shi ko a binne shi da zurfi. Wannan aikin gayya ne, ba na mutum ɗaya ba.

Ina ake samun fosfor?

Na farko, dusa. Dusar alkama da ta hatsi da ta shinkafa suna da fosfor da yawa, haka ma tunkuzar gyaɗa da ta auduga. Kilo 1 na dusar alkama na ɗauke da kusan garam 10 na fosfor. Ba dole ne a ba duk garke ba. A ware masu shayarwa, masu tsohon ciki da maruƙan da aka yaye.

Na biyu, garin ƙashi. A tattaro ƙasusuwan dabbobin da aka yanka da lafiya daga mahauta, ba na mushe ba. A ƙone su har su yi fari fat, baƙi bai isa ba. A daka, a tankaɗe, a haɗa tiya ɗaya ta garin da tiya biyu ta gishiri. A zuba a kwatarniya ko rabin tano a inuwa, inda ruwa ba zai taɓa ba.

Na uku, dutsen lasa na kanti da dunƙulen abinci mai haɗi da yawa irin wanda cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ke koya wa ƙungiyoyi. Kafin a saya a sa wani ya karanta takardar da ke jiki. Wasu duwatsun gishiri ne kawai da launi. In ba a rubuta fosfor da adadinsa ba, kada a biya kuɗin fosfor.

Na huɗu, itatuwa. Gawo na fitar da ganye da ƴaƴa da rani, lokacin da komai ya bushe. Jiga, aduwa, magarya, anza da kalgo duk suna ba da ganye ko ƴaƴa masu furotin da kalsiyam fiye da busasshen haki. Akuya da raƙumi suna jure rani fiye da saniya saboda cimarsu ta fi kama da ta barewa. Duk iccen da aka bari ya girma a gona, ko aka sassabe shi da hankali ba a guntule shi ba, rumbu ne na bazara.

Abubuwan da za a kiyaye

Kada a ba dabba takin zamani ko ɗanyen dutsen fosfat, irin wanda ake samu a jihar Tawa, da sunan maganin fosfor. Ɗanyen fosfat na ɗauke da wani sinadari, fuluwor, da ke lalata haƙori da ƙashi.

Dusa zalla ga ragon turke na jawo tsakuwa a mafitsara, rago ya yi ta yunƙuri fitsari ya ƙi fita. Jiki na son kalsiyam ya ninka fosfor kusan sau biyu, dusa kuwa fosfor ne ya fi yawa a cikinta. A haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa, gishiri kaɗan, da ruwa isasshe.

Dutsen lasar da aka yi don shanu yakan ƙunshi sinadarin tagulla da ya fi ƙarfin tumaki. Yana taruwa a hantarsu a hankali, wata rana ya kashe. A nemi wanda aka rubuta ya dace da tumaki.

Dunƙulen da aka sa wa ure ba na jaki ba ne, ba na doki ba, ba na ɗan maraƙi ko ɗan akuyar da bai fara tuƙa ba. Lasa ake yi, ba a jiƙa shi, ba a farfasa shi, kuma ba a ba dabbar da ta kwana da yunwa.

Kowane sabon abinci a shigar da shi sannu a hankali cikin mako biyu. Wannan ya shafi buhun dusar da aka samo daga bankin abincin dabbobi a tsakiyar bazara: saniyar da ta yi wata uku tana cin kara, in aka cika mata masaki rana ɗaya, abin da ya sami barewa da masara zai same ta. Ya kuma shafi sabon hakin farkon damana. A ba da busasshen abinci da safe kafin a saki garke, domin rage zawo da kumburin ciki.

Wurin lasa na tara dabbobi baki da baki. Wasu jihohin Amurka sun hana ajiye wa barewa gishiri a daji saboda yaɗuwar cuta a irin waɗannan wurare. A wajenmu ma, dabba mai tari, mai miki a baki ko mai zubar da yawu a ware mata nata.

Jadawalin shekara a taƙaice

Yuli zuwa Satumba: gishiri ko kanwa kullum, ga duk garke. Oktoba zuwa Disamba: lokacin tara kitse da ajiya. A ɗaure harawa tun tana kore, a ɗora ta a inuwa, a tara ƴaƴan itatuwa, a ba da maganin tsutsar ciki, a sayar da dabbobin da ba za su iya rani ba tun suna da daraja. Janairu zuwa Maris: a fara haɗin gishiri da garin ƙashi, kada a jira sai an ga tauna ƙashi. Afrilu zuwa Yuni: dusa ko tunkuza da harawa ga masu shayarwa da masu ciki, a share mushe, a rage doguwar tafiya da tsakar rana.

Ga shugabannin ƙungiyoyi, lokacin sayen gishiri da dusa a dunƙule shi ne bayan girbi, sa'ad da farashi ke ƙasa, ba watan Mayu ba. A yi yarjejeniya da mahautan kasuwa kan ƙashi, a ware mutum biyu ko uku su koyi ƙonawa da haɗawa. Idan kuma aka ga saniya ta kwanta ba zazzaɓi, harshe a waje, ko dabba ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci ko ta baya, kada a yanka, kada a feɗe. A sanar da ma'aikacin kiwo mafi kusa nan take.